Rabonka daga Pedregal

Zuwa ga yayana Xuacu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amparo da yara a can Buenos Aires. Allah ya sawwaƙe maka tarin nan. Mu nan Asturias lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Maigidana Nolo yana nan, gwiwa ce dai ta sa shi gaba.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce kada in kuskura in saki gonar Baba, Pedregal, wai duk duniya babu wake mai daɗin nata. Xuacu, na karanta na yi dariya, daga baya na yi kuka. Wake kake tunawa, don a kwano ka san shi. Ka manta yadda sanyi ke turo duwatsu daga ƙasa kowace shekara, sai an bi da kwando an tsince kafin garma ta shiga? Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina tsinta tun da ka hau jirgi. Katangar da muke jibga su a kanta ta kai kafaɗata, gonar kuwa kamar ba a taɓa ɗauke mata ko ɗaya ba. Nolo ya ce duwatsun nan haihuwa suke yi, sun fi tumakinmu albarka.

Bana na cika kwando na uku, na sunkuya zan ɗauka, baya ya ƙi miƙewa. Ina nan durƙushe har maƙwabcinmu Colás ya zo wucewa da shanunsa. Ya ɗaga ni yana tsokanata, wai ya zaci addu'a nake yi wa duwatsun su ƙaru. Nan take na ce ya fasa katangar ya saki shanunsa ciki. Ko ƙwaya ban shuka ba. Na gaji, yaya, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Na san ka saba karɓar ƙullin wake daga wurina kowace kaka. Bana ma ga ƙulli nan, za ka ji shi da nauyi. Dutse ne, na ƙarshe da na tsinta. Shi ne amfanin da gonar Baba ba ta taɓa fasa bayarwa ba, kuma ka daɗe ba ka karɓi rabonka ba.

Ka gaishe mini da Amparo, da 'yarka Sabel da mijinta. Nolo yana gaisuwa.

Ni ce ƙanwarka,
Telva