Dankalin da Ban Shuka Ba

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya sanyin Jos? Mu nan Gomari sai godiya.

Albishirinki, ubanki ya zama manomi! Na karɓi lambun Malam Bukar na bakin kogi, shi ya koma Biu. Ni da na tsufa a Kasuwar Shanu, duk ganye a wurina abincin dabba ne. Kwana uku ina yankan wani yaɗo ina kai wa ragona, ina mitar an bar ciyawa ta cinye wuri. Da na fizgo saiwar, sai ga dankali kamar kan jariri!

Mamanki ta ce, "Malam, ba zai shiga tukunyata ba sai mai shi ya yarda." Na kira Malam Bukar a waya. Ya yi dariya ya ce, "Ku ci, halak malak."

Buhu biyu muka haƙa, naki na hanya. Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a, don baɗi babu Malam Bukar, ni zan shuka.

Babanki,
Modu