Kwalin Ƙaltume Mai Ƙosai

Al-Sih, Madina.

Yaya Zainulabideen,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya zafin Jidda? Ya ƙafar Umma?

Na san mudir ɗinmu, wato manaja, ya kai maka ƙarata, tunda kai ka samo mini aikin nan na kamfanin aika kaya. To, ji ta bakina.

Tun da alhazai suka fara komawa, kaya suka cika sitonmu har rufi, jirgi kuma ba wuri. Sai mudir ya kafa doka: kayan 'yan kasuwa a gaba, kwalin da ba lambar waya a kai shi rumfar baya, bayan kwana talatin a yi gwanjonsa.

A can na ga wani kwali da rubutun ajami, wanda ni kaɗai ke iya karantawa a ofishin: Ƙaltume mai ƙosai, bayan tasha, Mirya. Na tuna tsohon da ya kawo shi, don sai da ya sa na ɗaure igiyar sau uku. Na nemi shugaban ayarinsu, ya ce ai tsohon ya rasu, yana maƙabartar Baƙi'a.

Yaya, na sauke kwalin turaren wani attajiri daga jerin jirgin Yamai, na sa wannan. Ba kuskure ba ne, da gangan na yi. Turare zai iya jiran mako guda.

Ka gaida Hawa da yara.

Ƙanwarka,
Fatna

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce in je in ba mudir haƙuri ya mai da ni aiki. Wallahi ba zan je ba. Na san ka ji kunya a gabansa, wannan kam ya dame ni, ka yafe mini.

Jiya shugaban ayarin ya turo mini muryar Ƙaltume. Dabino ne a kwalin, da hular mijinta, tsohon nan, da likkafani biyu da ya wanke da zamzam, nasa da nata. Ta ce ba ta da kabarin da za ta ziyarta, hular nan ce kawai.

Kafin su karɓe mini makulli na ɗauki hoton sauran kwalaye arba'in da ɗaya. Ina bin masu su daga gida, na samo lambar mutum tara. Saura kwana goma sha ɗaya a yi gwanjon. In kana son taimakona, bar zancen mudir, ka nemo mini wani ɗan Maraɗi a Jidda, don yawancin kwalayen da suka rage na can ne.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Fatna