Ƙuli-ƙuli Daga Hannun Mahauci

Ƙofar Kware, Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Gazali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ƙara maka basira a karatu, ya tsare mana kai a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Abdulshakur ɗina ya fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗaki.

Saƙonka na murya ya iso, amma ka yi wauta, auta. 'Yar'uwarmu Jummai ta kunna shi a tsakar gida daidai lokacin da Baba ke shanya kilishin da maƙwabcinmu Mode, mai tafiya ƙasar da kake, zai kai maka. Kowa ya ji kana cewa ka bar cin naman shanu, wai gyatsarsu na ɗumama duniya, har Denmak na shirin sa musu haraji, don haka kada a aiko. Da farko Baba ya yi dariya, ya ce ashe jangali bai mutu ba, Turai ya ƙaura. Daga baya ya tattara faifansa ya shige ɗaki. Gazali, mutumin da ya yi maka karatu da wuƙar fawa, me kake so ya ji? Ya ɗauka sana'arsa ce kake jin kunya. Ni dai raina ya ɓaci.

Ban ce ƙarya ka yi ba. Shi ma ya ce zafin bana ya fi na bara, kuma ya ga yadda ruwa ya cinye shinkafar Kawu a Wamakko. Amma gaskiya ɗaci gare ta, sai da zuma ake ba tsoho.

Kilishin ya raba wa maƙwabta. Jiya ya tafi kasuwa da kansa, mahauta na tsokanarsa, ya auno maka ƙuli-ƙuli, ya ɗaure da hannunsa. Da zai miƙo mini ya ce, "Tambaye shi in gujiya ma na ƙona duniya. In tana yi, ban san mi zan aika mai ba kuma."

Don Allah ka kira shi, shi kaɗai. Ci abin da kake so, amma in Mode ya kawo maka ƙuli-ƙulin, ka gaya wa Baba ya isa hannunka.

Inna, Jummai da Gwaggo Delu suna gaishe ka. Ka gaida abokin zamanka Salisu.

Taka yaya mai kewarka,
Wasila