Kaskon Mama

Yaya Norelis,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya yara? Ki ce mata ina neman albarkarta. Ni lafiya lau nake a Santiago, ban da ciwon baya, shi ma da sauƙi.

Na fara wata 'yar sana'a ranakun Asabar, ina rage wa tsofaffi kaya idan 'ya'yansu za su mayar da su ƙaramin ɗaki. Jiya wata tsohuwa, Doña Eliana, ta rungume butar shayinta ta ƙi saki. Ɗanta ya ce min, "Bari ta yi barcin rana ki jefar." Ashe ta ji. Ta ce, "'Yar nan, haka za ki yi wa uwarki?" Na ce a'a. Tana yin barci na jefar.

Ga shi kin rubuto za ku sayar da gida, wai tunda na ƙware in zaɓi abin da za a zubar. Da wane ido? Kaskon da Mama take gasa wainar masararmu, arepa, wanda bai ga sabulu ba shekara arba'in, lallai ya bi ta duk inda za ku kai ta. Na ce wa tsohuwar nan a'a. Kada ku mayar da ni maƙaryaciya.

Ƙanwarki,
Yusmari