Wayar Totur Ɗin Baban Queen

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na je coci, na dawo. Matan zumuntar coci sun sake kawo tuwo. Queen ta ci, ni na kalla. Tun ranar da kububuwa ta sari mijina Lazarus a gonarmu ta Gayam, duk abin da na sa a baki kamar takarda nake taunawa. Mutane sai cewa suke, "Maman Queen, kina ƙoƙari," wai don ba sa ganin hawayena. Ba ƙoƙari ba ne. Na nemi kukan ne ban samu ba.

Mashin ɗinsa na nan a gindin mangwaro inda aka jingine shi ranar. Kaji sun mai da shi wurin kwana.

Talata, 7 ga Oktoba

Yaya Abednego, wan mijina, ya zo. Sai da ya gama zagaya mashin kafin ya tuna da gaisuwa. Ya ce masara ta bushe a tsaye, birai kuma ba su san makoki ba. Shawararsa ita ce ya ɗauki mashin, ya karyo masarar ya zuba a rumbunsa, ni da Queen mu koma kudu wurin iyayena.

"Wannan dogon abu na shiga daji ne, Sabina. Ba na mace ba ne."

Ba mugu ba ne, haka ya ga ana yi. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata, in ban kawo masarar da kaina ba, ya yi yadda ya ce. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na dai san a bayan cocin nan aka binne mijina.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ban yi komai ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na kori kaji, na wanke mashin, na buga masa kik. Ya tashi. Lazarus ya koya mini tuƙi a filin firamare tun Queen tana goye, amma ban taɓa tuƙa wannan ba. Da ƙyar yatsun ƙafata ke taɓa ƙasa.

Totur ɗin, hannun ba da wuta, wani iri ne. Ki murɗa, ki murɗa, shiru, kamar kina juya murfin kwalbar da ya lalace. Sai kin kusa karya wuyan hannu sannan inji ya amsa. Shi Lazarus hannunsa kamar faranti, juyi ɗaya ya ishe shi. Ni sai na saki na sake kamawa.

Robar ta cinye daidai inda tafinsa ke zama. Na daɗe da hannuna a wurin. Ban ji komai ba, na dai daɗe.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yanzu ba mai zuwa gona shi kaɗai saboda mutanen daji masu satar mutane. Ana taruwa a bakin gari da safe, a tafi ayari guda, a dawo tare kafin la'asar. Doka ɗaya ce: ba a tsayawa a rafin nan mai yashi, don duhuwa ta rufe shi gefe da gefe. Kowa ya ba da wuta ya haye, ba waiwaye.

Ni ce ta ƙarshe. Na shiga yashin, taya ta fara nutsewa, na murɗa. Shiru. Kafin in sake kamawa mashin ya mutu. Ina jin ƙarar sauran tana nisa har ta ɓace. Na zauna a kai ina kallon wata tsada a reshe. Ya kamata in ji tsoro. Na jira shi, bai zo ba.

Yaya Abednego ne ya dawo. Muka tura, muka fita. A ɗaya gaɓar ya tsaya yana ta waiwayen duhuwar.

"Ina da yara, Sabina," ya ce.

Mutanen ayari sun ce in na sake maƙalewa, in zauna a gida. Gaskiyarsu. Buhu ko ɗaya ban ɗauko ba, don ba mai yarda in shiga yashin da kaya.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na kai mashin wurin Malam Bakoji, bakaniken da ke bakin tasha. Abokin Lazarus ne, tare suke cin gasasshiyar masara suna gardamar ƙwallo. Ya yi mini gaisuwa, ya kama totur da yatsa biyu ya kaɗa. Na ce ai waya ce ta tsufa ta saki.

"Ba ta tsufa ba, Maman Queen. Ni na sassauta ta. Mijinki ne ya sa ni."

Wai ranar da ya sayo mashin ya kawo masa ya ce a ba totur wasa da yawa. Bakoji ya ce masa wannan ba gyara ba ne, ɓatawa ce. Lazarus ya ce ya sani. Ya ce in ya faɗa gargada hannunsa na fizgar wuta, mashin ya zabura, madam kuma tana da ciwon baya tun haihuwa. Duk zaburar da ya yi sai ta ɗaka masa duka a kafaɗa ta ce, "Baban Queen, buhu ka ɗauko?"

Haka nake cewa. Na manta ina cewa. Na kuma tuna wani lokaci na daina, na ɗauka ya iya tuƙi ne a ƙarshe, har na yaba masa a gaban Queen. Ya yi murmushi ya ce ya gode.

Bakoji ya janye 'yar robar da ke kusa da totur, ya nuna mini noti biyu. A kwance ƙaramin, a juya dogon waje har wayar ta miƙe, a sake ɗaure ƙaramin. Ya ce ba a kashe wasan duka, ana barin kamar kaurin ƙwayar dawa. Ya miƙa hannu zai ɗauko sufana.

Na ce ya bari. Na ce masa kada ya taɓa. Muryata ta fi yadda na so ƙarfi, har mai shayi ya waigo. Na hau na dawo gida da shi yadda yake.

Talata, 14 ga Oktoba

Abu ɗaya da Lazarus ya bar mini da hannunsa, shi ne kuma zai kore ni daga garin.

Laraba, 15 ga Oktoba

Queen ta tambaye ni ko a kudu akwai ajinsu. Na ce ta je ta ɗebo ruwa. Tana ta ninke kayanta a ɓoye, na gani.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Sufanar Lazarus na cikin 'yar jakar da ke ƙarƙashin mazaunin mashin, naɗe da tsohuwar singiletinsa. Ban shinshina ba. To, na shinshina. Bakin mai ne kawai.

Ƙaramin notin ya ƙi, sai da na ɗiga masa man gyaɗa. Na juya dogon, ina juyawa ina kaɗa totur, ina jin wasan yana raguwa a hannuna. Wawan mutum. Shekara da shekaru yana haye yashin nan da wannan abu, bai taɓa faɗa mini ba. Na zage shi a fili, kaji na kallona.

Na ta da inji, na karkata kan mashin hagu da dama kamar yadda Bakoji ya ce, ƙarar ba ta canza ba. Na murɗa na saki, ya koma da kansa. Na ɗaure.

Ƙwayar dawa aka ce. Ni ƙwayar masara na bari. Ba wanda zai auna.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na haye. Zuwa da dawowa, da buhu a baya. A tsakiyar yashin zuciyata ta buga har na ji ta a kunne. Tsoro ne. Ashe yana nan.

Yaya Abednego ne ya ɗaure mini buhun. Ya ja igiyar sau biyu, ya ce ran Litinin in shiga gabansa a layi. Bai yi maganar kudu ba. Saura masara da yawa.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mun makara, na ce wa Queen ta hau mu tafi coci. A ramin nan na ƙofar gida hannuna ya fizgi wuta, mashin ya zabura, ta yi baya kamar za ta faɗi. Sai na ji duka a kafaɗa.

"Mama, buhu kika ɗauko?"

Na tsaya a gefen hanya na kashe mashin. Wani abu ya fito daga ƙirjina, ban san ko dariya ce ko ɗayan ba. Ta rungume ni ta baya har ƙararrawar coci ta biyu ta wuce mu.

Na ce mata ƙura ce ta shiga idona. An yi ruwa jiya, ta sani.

Da muka dawo na ci tuwon matan zumunta. Gishiri ya yi masa yawa.