Dutsen da Kika Ce Zai Cinye Ni

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kina lafiya, ke da Baba da ƙannena Isuhu da Garba. Mu ma nan unguwar Catford a Ingila lafiya lau, sai sanyi.

Bayan haka, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan, duk sallar da na yi sai na roƙi Allah kada dutsen garinmu Buea, mai aman wutar nan, ya fashe ya cinye ku. Idan Gwaggo Rabi ta kunna telebijin za a yi labarai, sai in kasa kunne ko za a ambaci dutsen. Ita tana tsammanin kunya ce ke hana ni magana. Tsoro ne.

Ke kika sa min shi. Ranar da Gwaggo ta zo ɗaukata, da aka ce Nijeriya ta yi arzikin mai an tura mijinta aiki Ingila, kina yi min kitso a ƙofar ɗaki. Kika nuna dutsen da haɓa, kika ce, "Wannan ya kusa tashi. Gara ke ki yi nisa." Ko sunana ba ki kira ba, don ni ce 'yar fari. Na ɗauka so ne ya yi miki yawa. Na tsinci wani baƙin dutse a bayan gida na ƙulle a bakin zane.

Watan jiya malamarmu ta zo kan darasin duwatsu masu aman wuta. Ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, amma washegari na kai mata baƙin dutsena. Ta jujjuya shi, ta ce da can narkakke ne, ya fito daga cikin ƙasa ya daskare, kuma ƙananan ramukan jikinsa ta nan iska ta kuɓuce. Ta ce baƙar ƙasar da ke sa ayabarmu ƙiba, irinsa ne ya marmashe.

Na tambaye ta mutum nawa yake kashewa idan ya tashi.

Ta kai ni laburare ta buɗe min littafi. Inna, ashe iri-iri ne. Akwai masu kaurin ciki, su toshe, su fashe gaba ɗaya su binne gari. Namu ba haka yake ba. Nasa ruwa-ruwa ne, ta tsagar gefe yake fita, ya gangaro a hankali. A zamanin su Kaka ya bi ta gonaki har ya shiga teku. Aman da ya yi kafin a haife ni ya nufi Ekona, ya tsaya bai kai gari ba. Malamar ta ce idan ya sauko ƙasa, tsohuwa mai sanda ma ta fi shi sauri.

Ke kina nan lokacin. Kin gani da idonki.

A bas ɗin komawa gida na yi ta juya abin. In da gaske cin mutane yake yi, me ya sa Isuhu da Garba suna nan a gindinsa? Har na wuce inda nake sauka ban sani ba.

Gwaggo ba ta haihu ba, Baba kuma ƙanenta ne, ba ya iya ce mata a'a. Riƙo aka ba ta, shi ke nan. Da haka kika faɗa min, da na yi kukan mako guda na haƙura. Sai kika ɗora min dutse guda na yi shekara biyu ina ɗauke da shi.

Amma ina tuna kitson nan. Kin warware layi ɗaya sau uku, alhali babu abin da ya same shi. Wataƙila ba ki san wata hanyar da za ki sa in saki zanenki ba.

Tun zuwanmu Gwaggo take so in kira ta Umma. Ita ke raka ni makaranta cikin ruwan sama, ita ke shafa min mai idan sanyi ya tsaga min ƙafa. Na ƙi, don ina ganin ranar da na ba ta sunan, ranar dutsen zai ɗauke ki.

Baƙin dutsen na bar wa malama, yana kan taga a aji. Yau da safe kuma, da Gwaggo ta miƙo min shayi, na ce, "Na gode, Umma."

Allah ya kwantar da dutsen, ya albarkaci gonarki, ya raya miki waɗanda kika ajiye. Allah ya yafe mana, ni da ke.

Wadda ba kya kiran sunanta,
Ladi