Na Yi Musu Famfo, Sun Koma Rafi

Anti Zulai, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya san yankinmu yana karantawa zai gane ni.

Ni kansila ne a wata mazaɓa da ke bayan Gudu, nan Abuja. Shekara goma sha huɗu na yi ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, da aka dawo mulkin farar hula na ga kowa yana shiga siyasa, ni ma na ajiye aiki na shiga. Rabin mazaɓar ƙauyen Gbagyi ne, rabi kuma mu ne baƙi da muka cika wurin da gidajen haya. Ba zan ɓoye miki ba, ba don wata baiwar Allah mai suna Margaret ba, da ban kai labari ba. Ita ce shugabar matan ƙauyen. Ɗan garinsu ne ya tsaya takara da ni, amma ta bi gida gida tana gaya wa mata cewa na zauna da su, na san su, zan ji kukansu. Har 'yan'uwanta suka ɗauke mata wuta saboda ni.

Alkawari ɗaya na yi musu, ruwa. Tun da aka fara gina manyan gidaje ta saman rafinsu, ruwan ya koma kamar kunun kanwa, yara suna ta gudawa. Wata bakwai na yi ina zarya ofishin ciyaman kafin a amince da rijiyar burtsatse da tanki. Ni da kaina na zana wa injiniya yadda nake so, irin na garinmu: bututu a sama, mace ta tsaya ƙarƙashi da bahonta a ka, ta murɗa, ya cika, ta wuce abinta. Na tuna yadda mahaifiyata take tsayuwa bakin rijiya tana jiran wanda zai ɗora mata tulu. Wallahi a raina gata na yi musu.

Ranar da ruwa ya zo, Margaret ta iso da mata kusan ashirin. Ta ɗaga kai ta kalli bututun, ta kalle ni, ta yi mini irin gaisuwar da ake yi wa baƙo, suka juya. Washegari na hango su a jere sun nufi rafi. Yau sati uku ke nan. Matan gidajen haya kuwa sai ɗiba suke suna sa mini albarka.

Kowa da abin da ya ce mini. James, sakataren jam'iyyarmu, ya ce siyasa ce kawai, zuga su aka yi. Injiniya ya ce in ƙyale su, za su saba. Matata Nazeefa ta tambaye ni ko na shawarci wani kafin a yi aikin, na ce taro uku na yi a fadar sarkin ƙauyen. Ta ce mata nawa suka zo, na lissafa, ko ɗaya babu. Ƙarshe wani dattijon ƙauyen, Baba Zacharias, ya ja ni gefe a kasuwar Gudu ya ce matansu ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, don kai abu ne mai daraja a wurinsu. In mace ta tsaya ƙarƙashin bututuna da ƙwarya a kafaɗa, a wuya da fuska ruwan zai zubo mata. In ta ajiye a ƙasa, rabi ya fantsame ta tashi jiƙe sharkaf.

Anti, abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san wannan! Kullum ina wuce su a mota da itace a kafaɗa. Ban san yadda aka yi ban haɗa biyun ba.

Ga shi nan da kwana goma sha biyu ciyaman zai zo buɗewa da 'yan jarida, har an rubuta sunana a allo. James ya ce a tara matan haya, a ɗauki hoto, a wuce wurin. In na fasa bututun, 'yan adawa za su ce na yi ɓarna da dukiyar jama'a, matan haya su ce na nuna bambanci. Wani lokaci haushi ma nake ji, in ce ruwa mai tsabta ne fa, tsayuwar minti biyu me za ta rage musu? Sai kuma in ji na tsani kaina. Margaret ta daina ɗaukar wayata, kuma wannan ya fi allon da hoton damuna. Ni ne na yi laifi ko su ne suka tsananta? Me zan yi?

Kansila mai neman mafita, Abuja.

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe Kansila.

Bari in fara da abin da ka yi daidai, don na ga ka manta da shi. Ka yi alkawari ka cika, kuma tausayin mahaifiyarka ne ya sa ka ɗaga bututun, ba raini ba. Matan haya da ke sa maka albarka su ma mutanenka ne, kada ka taɓa musu famfonsu.

Amma matan ƙauye ba su tsananta ba. Minti biyun da kake magana, a wurinsu barin abin da suka gada ne, a bainar jama'a, kullum safe da yamma. Kuma ka duba inda ka tsayar da Margaret. Ta ɓata da danginta tana cewa ka san su, sai ka kafa ƙarfe a tsakiyar gari yana ƙaryata ta. Ina jin shi ya sa ba ta iya ɗaukar wayarka, ba ta san me za ta ce ba.

Gyaran ƙarfen shi ne mai sauƙi. Ba sai an fasa komai ba, duk mai gyaran famfo zai iya janyo wani layi daga tankin. Sai dai kada ka sake zana komai, ka yi zane sau ɗaya mun gani. Ka ajiye wayar, ka taka da ƙafarka har gidanta da rana, tare da Nazeefa, ba James, ba mota mai tuta. Ka ce ka yi kuskure, kada ka biyo shi da "amma". Sannan ka roƙe ta ta zo da mata su nuna wa mai aikin tsawon famfon da dakalin da za su riƙa ɗora ƙwarya kafin su saɓa. Kai ka tsaya gefe ka yi kallo.

Shawarar hoto kuwa ka watsar da ita. Ka gaya wa ciyaman gaskiya, ka nemi a ɗaga ranar. Zai yi fushi, 'yan adawa za su yi dariya, nan da wata guda sun sami wani abin dariyar.

Ba zan yi maka alkawarin Margaret za ta huce ba, mai yiwuwa ƙuri'un ma sun tafi. Ko ta rufe maka ƙofa, ka gyara famfon. Yaran da ke shan rafin nan ba su zaɓe ka ba, ba su ƙi ka ba, kuma kowace rana da ka ƙara kana tunani, su suke shan ruwan. Ka tafi gobe.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya ba yaran lafiya, kai kuma ya yi maka jagora.

Anti Zulai